Frank Capra: Ɗan ci-ranin Sisili da ya yi fim ɗin soyayyar cikin bas

Masu kallon finafinan Indiya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai sun san wannan labari ko da ba su san inda aka samo shi ba. Ɗiyar wani attajiri ta gudu daga hannun ubanta don ta je wurin wanda aka hana ta, ta shiga motar bas, ta haɗu da wani ɗan jarida marar ko sisi, suka fara da faɗa, suka ƙare da aure. Shi ne labarin Chori Chori na 1956, wanda Raj Kapoor da Nargis suka fito a ciki. Shi ne kuma labarin Dil Hai Ke Manta Nahin na 1991, na Aamir Khan da Pooja Bhatt.

Tushensu duka wani fim ne na Amurka mai suna It Happened One Night, wato abin da ya faru a wani dare, wanda ya fito a 1934, lokacin da ƙasar ke tsakiyar karayar tattalin arziki mafi muni a tarihinta. Wanda ya ba da umarninsa, Frank Capra, ba a Amurka aka haife shi ba. Yana yaro ƙarami ya shigo ƙasar a ƙasan jirgin ruwa tare da iyayen da ba su iya karatu ba, ya sayar da jarida a titi, ya gama jami'a ya rasa aiki. Abin da ya gani a waɗannan shekaru shi ya zuba a cikin fim ɗin da ya ɗaga shi sama.

Daga Bisacquino zuwa Los Angeles

An haifi Francesco Rosario Capra ranar 18 ga watan Mayun 1897 a Bisacquino, wani ƙaramin gari da ke cikin duwatsun tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, kudu da birnin Palermo. Mahaifinsa Salvatore manomin itatuwan marmari ne, sunan mahaifiyarsa Rosaria. A wancan zamani talauci ya yi wa kudancin Italiya katutu, har miliyoyin mutane suka riƙa tattara komatsansu suna tsallaka teku.

Wani yayansa mai suna Benedetto ne ya fara tafiya. Kamar yadda Capra ya ba da labari daga baya, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga wasiƙa daga Los Angeles, wadda sai da aka nemo limamin cocin garin ya karanta musu. A 1903 iyalin suka bi sahunsa. Francesco bai cika shekara shida ba lokacin da suka bar gida. Kwana 13 suka yi a jirgin ruwa mai suna Germania, a can ƙasa inda ake cusa masu tikiti mafi araha, cikin cunkoso da wari da amai. Har ya tsufa bai daina ambaton wannan tafiya a matsayin ɗaya daga cikin mafi munin abin da ya taɓa gani ba. Daga New York suka sake yin kwanaki a jirgin ƙasa kafin su isa Kalifoniya.

A wata unguwar baƙi da ke gabashin Los Angeles suka sauka. Uban ya kama aikin tsinkar ƴaƴan itace, sauran ƴan gida kowa ya nemi abin yi. Shi kuma yaron ya yi kusan shekara goma yana sayar da jarida bayan an tashi daga makaranta. Ƴan gidansu sun so ya ajiye karatu ya kama aikin da zai riƙa kawo kuɗi kowane mako. Ya ƙi. Ya gama sakandaren Manual Arts, ya samu shiga kwalejin fasaha ta Throop da ke Pasadena, wadda daga baya ta zama Caltech, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in kimiyya na duniya. Da wankin kayan ɗalibai, da raba abinci a ɗakin cin abinci, da goge injina a tashar wutar lantarki, da kaɗa garayar Amurkawa da ake kira banjo a gidajen rawa ya biya kuɗin karatunsa. Yana cikin karatun ne mahaifinsa ya mutu a wani hatsari. A 1918 ya fito da digirin injiniyan sinadarai.

Digiri a hannu, babu aiki

Lokacin ana Yaƙin Duniya na Ɗaya. Capra ya shiga soja, aka tura shi San Francisco yana koya wa sojoji lissafi, bai je fagen daga ba. Annobar murar da ta kashe miliyoyin mutane a duniya a 1918 ta kama shi, aka sallame shi ya koma gida wurin mahaifiyarsa. A 1920 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ya mai da sunansa Frank Russell Capra.

Nan ne rayuwa ta juya masa baya. Duk gidansu shi kaɗai ya yi jami'a, kuma shi kaɗai ne ba shi da aiki tsayayye. Ƴan uwan da ba su yi boko ba suna fita da safe su dawo da kuɗin cefane, mai digiri yana zaune. Da abin ya ishe shi sai ya bar gida. Ya yi shekaru yana yawo a jihohin yammacin Amurka, yana kwana a ɗakunan haya na kwabo-kwabo, yana maƙalewa a jiragen ƙasa na dakon kaya, yana ƙwadago a gonaki, yana caca da karta, yana tallan littattafai gida-gida.

A San Francisco ya ci karo da labarin wani tsohon ɗan wasan daɓe mai suna Walter Montague da ke son fara shirya gajerun finafinai. Capra ya je ya nuna masa cewa daga Hollywood yake kuma ya san aikin, alhali saninsa bai taka kara ya karya ba. Aka ba shi dala 75. Cikin kwana biyu ya ɗauki Fultah Fisher's Boarding House, ɗan gajeren fim da aka gina a kan wata waƙa ta Rudyard Kipling, ya fito a 1922. Da ya ga abin ya karɓu, sai ya koma ya koyi sana'ar daga tushe: wanke fim a ɗakin duhu, yankawa da haɗawa, ɗaukar kayan aiki. Daga nan ya zama marubucin barkwanci a kamfanonin Hal Roach da Mack Sennett, ya kuma ba da umarnin finafinai biyu na ɗan barkwancin nan Harry Langdon, The Strong Man a 1926 da Long Pants a 1927. Suka saɓa, Langdon ya kore shi.

A wannan shekara ta 1927 ya yi wani fim a New York mai suna For the Love of Mike, wanda ya faɗi ƙasa warwas. Jarumar fim ɗin wata budurwa ce haifaffiyar Faransa da ta taso a New York, Claudette Colbert, kuma shi ne fim ɗinta na farko. Ta fita daga aikin da ɓacin rai. Bayan shekara shida za su sake haɗuwa.

A layin talakawan Hollywood

Kamfanin da ya ɗauke shi bayan wannan faɗuwa shi ne Columbia, na wani mutum mai zafin rai da riƙon kuɗi, Harry Cohn. Manyan kamfanoni irin su MGM da Paramount suna da jarumansu da gidajen sinimarsu. Columbia kuwa tana cikin ƙananan kamfanonin da ke kan titin Gower, wurin da ake yi wa laƙabi da layin talauci, inda ake yin fim cikin sauri da kuɗi kaɗan. Daga 1928 Capra ya fara fitar musu da finafinai ɗaya bayan ɗaya.

Ya zo a kan gaɓa, domin lokacin ne fim mai magana ya fara ture fim na bebaye. Daraktoci da yawa sun tsorata da sababbin na'urorin ɗaukar murya. Shi kuwa injiniya ne, na'ura ba ta ba shi tsoro. Karatun da ya kasa samar masa aiki shekara goma baya sai ga shi ya yi rana. Ya lura kuma cewa abin da ke tafiya daidai a wurin ɗauka yakan yi nauyi idan aka haska shi a babban allo, don haka ya riƙa sa jarumansa su yi magana da sauri, har wani ya katse wani, kamar yadda mutane ke yi a zahiri.

A Columbia ya haɗu da marubuci Robert Riskin, ɗan New York, wanda iyayensa ma baƙi ne, Yahudawa daga gabashin Turai. Tare suka yi American Madness a 1932, kan yadda jama'a ke rububin kwashe kuɗinsu daga banki idan jita-jita ta bazu. Ba almara ba ce. Tun bayan rugujewar kasuwar hannayen jari ta New York a watan Oktoban 1929, dubban bankuna sun rufe, masana'antu sun tsaya. Zuwa 1933, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. Mutane na bin layin karɓar miya da burodi, wasu sun yi bukkokin kwali da langa-langa a gefen birane.

Fim ɗinsu na 1933, Lady for a Day, ya sa aka saka sunan Capra cikin masu takarar kyautar Oscar. A daren bikin, cikin watan Maris na 1934, mai gabatarwa Will Rogers ya kira wanda ya ci kyautar darakta da sunansa na farko kawai, Frank. Capra ya miƙe ya nufi dandali. Sai da ya yi nisa ya gane cewa Frank Lloyd ake nufi, mai fim ɗin Cavalcade. Haka ya juyo ya ratsa tebura ya koma kujerarsa a gaban manyan Hollywood. Bai sani ba, fim ɗin da zai wanke masa wannan kunya ya riga ya yi mako uku a kasuwa.

Fim ɗin da kowa ya guje wa

Asalinsa gajeren labari ne mai suna Night Bus, wato bas ɗin dare, na Samuel Hopkins Adams, wanda mujallar Cosmopolitan ta buga a watan Agustan 1933. Riskin ya mai da shi labarin fim. Matsalar ita ce babu wanda ke so ya fito a ciki. Robert Montgomery bai karɓa ba. Myrna Loy, Miriam Hopkins da Margaret Sullavan duk sun ƙi. Wasu kamfanonin ma suna da nasu finafinan bas a lokacin, abin da ya sa aka sauya wa wannan suna. Wani abokin Capra, Myles Connolly, ya ba da shawarar a gyara halayen mutanen labarin yadda mai kallo zai tausaya musu, aka mai da namijin ɗan jarida.

A ƙarshe MGM ta ba da aron Clark Gable, wanda ya zo ba da son ransa ba, don a ganinsa zuwa Columbia ci baya ne. Aka koma wurin Claudette Colbert, wadda yanzu ta zama tauraruwa a Paramount kuma ba ta manta da 1927 ba. Ta kafa sharuɗɗa biyu: a biya ta dala 50,000, ninki biyu na abin da ta saba karɓa, kuma a gama da ita cikin mako huɗu don tana da hutu a gabanta. Cohn ya amince. A ƙarshen 1933 aka ɗauki fim ɗin a kan kuɗin da bai wuce dala 325,000 ba. Da aka gama, Colbert ta shaida wa wata ƙawarta cewa ta yi fim mafi muni a duniya.

Gaggawar da ƙarancin kuɗin sun taimaka. Babu lokacin gina manyan ɗakuna ko ɗinka tufafi masu tsada. Mafi yawan fim ɗin a cikin bas ne, da bakin hanya, da ɗakunan kwanan matafiya, kuma kusan kaya ɗaya jarumar ta saka daga farkon tafiyar har ƙarshenta.

Abin da ke cikinsa

Ellie Andrews ta auri wani matuƙin jirgin sama mai suna King Westley a ɓoye. Ubanta, wanda ya tabbata kuɗinsa mutumin ke hari, ya tsare ta a jirgin ruwansa na shaƙatawa a gaɓar Miami yana neman a raba auren. Ta faɗa ruwa ta tsere, ta hau bas ɗin dare zuwa New York. A ciki ta haɗu da Peter Warne, ɗan jaridar da editansa ya kora ta waya. Tun a kan kujera suka fara rigima. Aka sace jakarta. A wani zango ta fita yawo tana zaton direba zai jira ta, kamar yadda aka saba jiranta duk rayuwarta, ta dawo ta tarar bas ya tafi. Peter ya gane ko wace ce, ya yi mata tayi: zai kai ta wurin mijinta, ita kuma labarinta ya zama nasa shi kaɗai, don ya koma bakin aikinsa.

Daga nan fim ɗin ya zama makarantar talauci ga ɗiyar mai kuɗi. Ruwa ya cinye gada, dole suka kwana a wani masaukin matafiya. Kuɗinsu ba zai kama ɗaki biyu ba, sai suka rubuta sunansu a matsayin mata da miji. Peter ya ɗaura igiya tsakanin gadajen biyu, ya rataya bargo, ya sa masa suna katangar Yariko, garin nan da Littafi Mai Tsarki ya ce katangarsa ta rushe da busar ƙaho. Da safe Ellie ta bi layin wanka a waje tare da sauran mata, ta koyi jiran a zo kanta. Ya koya mata yadda ake tsoma fanke a kofi. Da masu binciken ubanta suka shigo, sai su biyun suka ɓarke da faɗan ƙarya irin na ma'auratan da suka gaji da juna, har baƙin suka ji kunya suka fita.

A cikin bas fasinjoji suka ɗauki waƙa gaba ɗaya, wannan ya yi baiti wancan ya karɓa. Ana cikin raha sai wata mata ta suma. Ɗanta yana kuka ya bayyana cewa duk kuɗinsu sun tafi a tikiti, New York za su neman aiki, kuma tun jiya ba su ci komai ba. Ellie ta miƙa wa yaron kuɗin ƙarshe da ke hannun Peter. Bayan haka su ma suka koma tafiya a ƙafa, suka kwana a tarin ciyawa, abincinsu ɗanyen karas da aka tugo a gonar mutane. Da gari ya waye Peter ya yi ta fahariyar cewa ya ƙware wajen tsayar da mota da babban yatsa. Motoci suka yi ta wucewa. Ellie ta fito bakin hanya ta ɗan ɗage siket ɗinta, motar farko ta taka birki.

Bayan rashin fahimtar da ta raba su, Ellie ta koma gida aka shirya mata gagarumin biki da Westley. Ubanta ya riga ya sa ladan dala 10,000. Peter ya zo wurinsa, amma ba ladan ya zo karɓa ba. Takarda ya kawo ta abin da ya kashe a hanya, dala 39 da santi 60. A nan uban ya gane wanda ke son ɗiyarsa. Yana riƙe da hannunta zuwa wurin ɗaurin aure ya raɗa mata gaskiya, ta tattara rigar amarci ta ruga. A ƙarshen fim ba a nuna ma'auratan ba. An ji busar ƙaho, bargo ya faɗi ƙasa.

Mai kallo a 1934 ya ga kansa a allon: layin wanka, ƙidayar kwabbai, uwa mai yunwa, mutanen da ke maƙale a jirgin dakon kaya suna ɗaga wa Peter hannu. Amma ba a nuna su don a tausaya musu kawai ba. Su ne masu waƙa, su ne masu wayo, kuma ɗiyar attajiri ce ke koyo a wurinsu. Capra ya san waɗannan hanyoyi da ɗakuna, domin ya kwana a irinsu.

Daren kyautuka biyar

An fara haska fim ɗin ranar 22 ga watan Fabrairun 1934 a babban zauren Radio City da ke New York. Bai daɗe a can ba aka sauke shi. Sai da ya isa ƙananan garuruwa da gidajen sinimar unguwanni, inda tikiti ke da araha, sannan ya kama wuta. Wanda ya kalla ya gaya wa maƙwabcinsa, wasu suka riƙa komawa sau biyu sau uku. Ya zama fim mafi kawo kuɗi da Columbia ta taɓa yi zuwa lokacin, ya fitar da kamfanin daga layin talauci.

Ranar 27 ga watan Fabrairun 1935, a otal ɗin Biltmore na Los Angeles, ya lashe manyan kyautukan Oscar guda biyar: fim mafi kyau, darakta, jarumi, jaruma da rubutun labari. Ba a taɓa yin haka ba. Sai bayan shekara arba'in da ɗaya wani fim, One Flew Over the Cuckoo's Nest na 1975, ya maimaita, sannan The Silence of the Lambs na 1991. Colbert ba ta ma yi niyyar zuwa ba, don ba ta sa rai ba. A tashar jirgin ƙasa aka je aka ɗauko ta, ta karɓi kyautar da kayan tafiya a jikinta, ta koma ta hau jirginta.

Nauyin nasara

Maimakon ya huta, sai tsoro ya kama Capra. Ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa cewa bayan wannan nasara ya kwanta rashin lafiya, yana fargabar ba zai sake yin wani abu da ya kai wannan ba. Da ya tashi sai ya ƙudura cewa finafinansa za su riƙa ɗauke da saƙo. Mr. Deeds Goes to Town na 1936, labarin wani ɗan ƙauye da ya gaji dukiya ya so ya raba wa manoman da suka rasa gonakinsu, ya ba shi Oscar ta biyu. You Can't Take It with You na 1938 ya ba shi ta uku. A wannan shekara ce kuma ɗansa John, mai shekara uku, ya mutu bayan tiyatar maƙogwaro. Matarsa Lucille Warner, wadda ya aura a 1932 bayan mutuwar aurensa na farko, ta zauna da shi har mutuwarta a 1984.

A 1939 ya fitar da Mr. Smith Goes to Washington, inda James Stewart ya fito a matsayin sabon sanata da ya yi arangama da cin hanci a majalisa. Sanatoci da yawa sun fusata, kuma jakadan Amurka a Ingila, Joseph Kennedy, ya nemi kada a haska shi a Turai. Daga 1935 zuwa 1939 Capra ne shugaban hukumar da ke ba da kyautar Oscar, ya kuma jagoranci ƙungiyar daraktoci. Yaron da ya sayar da jarida ya kai matsayin da ake rubuta sunansa a saman sunan fim.

Sai dai mutumin bai yi daidai da hoton da finafinansa suka ba shi ba. Masu kallo sun ɗauke shi mai goyon bayan shugaba Franklin Roosevelt da shirye-shiryensa na tallafa wa talakawa, alhali shi ɗan jam'iyyar Republican ne mai adawa da Roosevelt. Da yawa daga cikin ra'ayoyin kare talaka da ke bakin jarumansa daga alƙalamin Riskin suka fito. Capra kuwa ya riƙe aƙidar cewa fim na mutum ɗaya ne, wato darakta, abin da ya ci wa marubucin rai har suka raba gari. Riskin ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a 1950, ya mutu a 1955, kuma Capra bai halarci jana'izarsa ba.

Yaƙi da koma baya

Kwanaki kaɗan bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disamban 1941, Capra ya sake shiga soja yana da shekara 44. Janar George Marshall ya ɗora masa aikin bayyana wa sababbin sojoji dalilin da ya sa ake yaƙin. Ya jagoranci shirya finafinai bakwai masu suna Why We Fight, inda ya yi amfani da hotunan farfagandar da Jamus da Italiya da Japan suka ɗauka da kansu ya juya su a kansu. Ɗaya daga cikin ƙasashen da yake fallasawa ita ce wadda aka haife shi a cikinta. Ya bar soja da muƙamin kanal.

Da ya dawo sai ya kafa kamfani mai zaman kansa, Liberty Films, tare da William Wyler, George Stevens da Samuel Briskin, don kada ya sake zama ƙarƙashin wani Cohn. Fim ɗinsu na farko, It's a Wonderful Life, ya fito a watan Disamban 1946. Labarin wani mutum ne da bashi ya kai shi bakin gada yana shirin hallaka kansa, aka nuna masa yadda garinsu zai kasance da ba a haife shi ba. Fim ɗin bai mai da kuɗinsa ba, aka sayar da kamfanin ga Paramount. Wani rahoton hukumar FBI ma ya zargi fim ɗin da ɗauke da saƙon kwaminisanci saboda ya nuna mai banki a matsayin mugu.

Daga nan tauraronsa ya fara dusashewa. A 1952 gwamnatin Amurka ta tura shi Indiya a matsayin wakilinta a bikin baje kolin finafinai na ƙasa da ƙasa na farko da ƙasar ta shirya, shekara huɗu kafin fitowar Chori Chori. Ya koma yin shirye-shiryen kimiyya na talabijin don ƴan makaranta, kan rana da jinin ɗan Adam da makamantansu. Fim ɗinsa na ƙarshe na sinima, Pocketful of Miracles na 1961, maimaicin Lady for a Day ne. Yana da shekara 64, kuma ya rayu shekara talatin bayan haka ba tare da ya sake yin wani ba.

Ƙarshen hanya

Sunansa ya dawo ta hanyar da bai zata ba. A 1971 ya buga tarihin rayuwarsa, The Name Above the Title, jami'o'i suka riƙa gayyatarsa. A 1974 aka yi sakacin sabunta haƙƙin mallakar It's a Wonderful Life, sai gidajen talabijin suka samu damar haska shi ba tare da biyan kuɗi mai yawa ba. Suka yi ta maimaita shi duk lokacin Kirsimeti, har fim ɗin da ya karya kamfaninsa ya zama wanda aka fi saninsa da shi a Amurka. A 1982 Cibiyar Finafinai ta Amurka ta ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa.

A 1977, yana dab da cika shekara 80, ya ziyarci Bisacquino, bayan shekara 74 da barinsa. Mutanen gari suka fito tarbar ɗansu da ya yi suna. Joseph McBride, wanda ya rubuta tarihinsa bayan dogon bincike, ya ruwaito cewa ziyarar ba ta yi wa Capra daɗi ba, kuma bai ji wata alaƙa tsakaninsa da garin ba. Ya shafe rayuwarsa yana tabbatar da cewa shi Ba'amurke ne, har ta kai garin haihuwarsa ya zama masa baƙon wuri.

Daga 1985 ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki sau da dama. Ya mutu ranar 3 ga watan Satumban 1991 a La Quinta da ke Kalifoniya, yana da shekara 94. A wannan shekara ce aka fitar da Dil Hai Ke Manta Nahin a Indiya, inda aka sake ganin ɗiyar attajiri ta faɗa ruwa, ta hau bas, ta haɗu da ɗan jaridar da ba shi da ko sisi.